Ƙyandar Jamus: Ciwon Kwana Uku Mai Barin Tabon Har Abada

Ran 6 ga watan Oktoba na shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da wani gagarumin gangami na allurar rigakafi wanda aka shirya domin ya kai ga yara wajen miliyan 106 a duk faɗin Nijeriya. An fara da jihohin Arewa da Abuja da jihar Oyo, aka tsara zagaye na biyu domin sauran jihohin Kudu a farkon shekarar 2026. A cikin abubuwan da ma'aikatan lafiya suka ɗauko har da wata allura da ba a taɓa sa ta cikin tsarin rigakafin ƙasar nan ba, watau wadda ta haɗa kariya daga cututtuka biyu a tsira guda, ana yi wa yara tun daga 'yan wata 9 har zuwa 'yan shekara 14.

Ɗaya daga cikin cututtukan nan biyu ba ta bukatar gabatarwa. Ƙyanda, ko baƙon dauro, kowace uwa ta san ta, ta kuma san yawan kaburburan da take cikawa idan zafi ya shigo. Amma ta biyun, wadda likitoci ke kira rubela, wasu kuma ke ce mata ƙyandar Jamus, da yawa daga cikin iyaye ba su taɓa jin sunanta ba sai a lokacin gangamin. Waɗanda suka bincika kuma aka gaya musu cewa ciwo ne mai sauƙi, wanda yaro kan warke daga gare shi cikin kwana uku. Saboda haka tambayar da ta biyo baya tana bisa hanya: in dai ciwon bai taka kara ya karya ba, me ya sa gwamnati za ta kashe maƙudan kuɗi a kansa? Amsar tana ga jaririn da ba a haifa ba tukuna, kuma fahimtar wannan amsa ita ce za ta nuna ko aikin da aka fara zai haifar da alheri ko kuwa zai zama an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Yadda ciwon yake

Rubela ƙwayar cuta ce daga cikin irin waɗanda ake kira bairos, tana yaɗuwa ta hanyar tari da atishawa, kuma a jikin ɗan Adam kaɗai take rayuwa. Duk da kamannin suna, ba dangin ƙyanda ba ce, kuma wanda ya yi ƙyanda bai tsira daga gare ta ba. An jingina ta ga Jamus ne domin likitocin ƙasar ne suka fara bayyana ta a ƙarni na 18. Bayan mutum ya kamu, takan yi mako biyu zuwa uku kafin ta nuna kanta. Sa'an nan sai ɗan zazzaɓi, da kaluluwa a bayan kunne da ƙeya, da ƙuraje ƙanana da kan fara daga fuska su gangara jiki, su ɓace bayan kwana uku ko makamancin haka. Mata manya sukan yi fama da ciwon gaɓoɓi na 'yan kwanaki. A fatar baƙin mutum ƙurajen ba su cika fitowa sarai ba, har akan ɗauke su a matsayin ƙurajen zafi.

Abin da ya sa cutar ta zama mugun baƙo shi ne ɓoyuwarta. Kashi 25 zuwa 50 daga cikin ɗari na waɗanda suka kamu ba su nuna wata alama ko kaɗan, alhali suna yaɗa ta. Wanda kuma zai yi ƙurajen yakan fara harbin mutane tun mako guda kafin su fito. Wannan yana nufin cewa shawarar da akan ba mai ciki ta guji mai ƙuraje, ko da yake shawara ce mai kyau, ba za ta wadatar ba. Yaron da ya dawo daga makaranta yana wasa lafiya lau yana iya shigo wa uwarsa da ita har ɗaki.

Abin da take yi wa ɗan tayi

A watanni ukun farko na ciki ne ake ƙera sassan jikin ɗan tayi. A cikin makonnin nan ne zuciya ke rabuwa ɗaki-ɗaki, ƙwayar ido ke haɗuwa, can cikin kunne kuma ake shimfiɗa abin da zai zama ji. Idan ƙwayar rubela ta shiga jinin uwa a wannan lokaci, takan ratsa ta mabiyiya ta isa ga ɗan tayi, wanda bai da garkuwar da zai kare kansa. A can sai ta hana ƙwayoyin halitta rabuwa yadda ya kamata, ta lalata ƙananan hanyoyin jini, ta zauna kuma har ranar haihuwa da bayanta.

Idan mace ta kamu a cikin makonni 12 na farko, haɗarin cewa cutar za ta taɓa ɗan yakan kai har kashi 90 daga cikin ɗari. Wani cikin yakan zube, wani a haifi ɗan babu rai. Wanda ya zo da rai kuwa yakan zo da ɗaya ko fiye daga cikin lahani uku da likitoci suka san cutar da su: kurumta, da yana a ido, da ciwon zuciya. Wasu sukan haɗa da ƙanƙantar kai da raunin ƙwaƙwalwa, wasu kuma ciwon sukari ya bayyana gare su bayan shekaru. Haɗarin yana raguwa yayin da ciki ke tsufa. Daga wata na huɗu kurumta ce mafi yawa, bayan mako na 20 kuma da wuya a ga wani lahani. Babu maganin da ke kashe ƙwayar idan ta shiga, babu kuma wanda ke mayar da abin da ta rushe. Ana iya yi wa ido da zuciya aiki, ana iya sa wa yaro na'urar ji, amma kowa ya san tsadar waɗannan da ƙarancin wuraren da ake yinsu.

Darasi daga Ostireliya da Amurka

Har zuwa shekarar 1941 likitocin duniya suna ɗaukar rubela a matsayin ciwon da bai cancanci damuwa ba, kuma galibinsu sun yi imani cewa lahanin haihuwa gado ne kawai. Wani likitan ido a birnin Sidni na ƙasar Ostireliya, Norman Gregg, shi ya sauya wannan tunani. Ya lura cewa jarirai masu yana a ido sun yi yawa fiye da yadda aka saba, sai ya tattara bayanin yara 78 daga hannunsa da hannun abokan aikinsa. Ya tarar cewa uwaye 68 daga cikinsu sun yi rubela a farkon cikinsu, a lokacin annobar da ta ratsa ƙasar a shekarar 1940. An daɗe ana ja da shi kafin a yarda, amma bincikensa ne ya fara tabbatar wa duniya cewa ƙwayar cuta tana iya naƙasa ɗa tun yana ciki.

Abin da ya sa gwamnatoci suka farka shi ne annobar da ta auka wa Amurka a shekarun 1964 da 1965. An ƙiyasta cewa mutum miliyan 12 da rabi suka kamu. Mata wajen 11,000 suka rasa cikinsu, jarirai 2,100 suka mutu jim kaɗan bayan haihuwa, aka kuma haifi wajen 20,000 da lahani, fiye da rabinsu kurame. Sai da aka faɗaɗa makarantun kurame domin su ɗauki yaran wannan annoba. A shekarar 1969 aka amince da allurar rigakafin farko, kuma tsira guda tana ba fiye da kashi 95 daga cikin ɗari na waɗanda aka yi wa kariya mai ɗorewa. A shekarar 2015 aka bayyana cewa nahiyoyin Amurka ta Arewa da ta Kudu sun rabu da cutar. A sassan duniya da allurar ba ta kai ba kuwa, an ƙiyasta cewa wajen shekarar 2010 ana haihuwar jarirai kimanin 100,000 kowace shekara da lahanin rubela, mafi yawansu a Afirka da kudancin Asiya.

Dalilin yi wa yara maza

Wasu iyaye sun yi mamakin ganin ana yi wa 'ya'ya maza allurar da aka ce domin masu ciki ce. Ƙasashe biyu sun riga sun gwada ɗayar hanyar, kuma abin da ya same su ya isa amsa. A shekarar 1970 Ingila ta fara yi wa 'yan mata 'yan makaranta kaɗai. Lahanin ya ragu, amma cutar ta ci gaba da yawo tsakanin maza da ƙananan yara, tana samun duk macen da allurar ta tsallake. A shekarar 1988 ƙasar ta koma yi wa dukan yara, maza da mata. Japan ma ta yi shekaru tun daga 1977 tana yi wa 'yan mata kaɗai. A shekarar 2013 annoba ta ɓarke, aka sami mutum fiye da 14,000 da suka kamu, mafi yawansu magidanta ne da ba a yi musu allurar ba suna yara. Daga ofisoshi da ma'aikatu suka kai cutar gida, kuma tsakanin 2012 da 2014 aka haifi jarirai 45 da lahaninta. Allurar da aka yi wa ɗa namiji, ashe, katanga ce ga uwarsa da yayarsa, da matar da zai aura nan gaba.

Haɗarin rabin aiki

A nan ne maganar ta fi shafar masu tsara manufofi. A ƙasar da ba a yin rigakafin rubela, cutar takan zagaye yara tun suna ƙanana, su warke, su sami kariya ta har abada. Saboda haka yawancin mata kan kai shekarun haihuwa sun riga sun yi ta ba su sani ba, sai 'yan kaɗan ne ke shiga ciki babu garkuwa. Idan aka yi wa kusan dukan yara allura, cutar takan rasa inda za ta sauka, ta mutu, kowa ya tsira. Amma idan aka yi wa rabi aka bar rabi, sai cutar ta rage gudu ba ta tsaya ba. Yarinyar da ba a yi mata allura ba, wadda da can za ta kamu tana 'yar shekara biyar ta wuce wurin, yanzu sai ta girma ba ta haɗu da cutar ba, har ta yi aure, ta haɗu da ita tana da ciki wata biyu.

Wannan ya faru a ƙasar Girka. Tun tsakiyar shekarun 1970 ake yi wa yara allurar a can ba tare da wani tsayayyen tsari ba, kuma shekara da shekaru waɗanda ake yi wa ba su kai rabi ba. Yawan mata masu ciki marasa kariya ya riƙa hauhawa, har annoba ta zo a shekarar 1993, ta fi kama matasa, aka tabbatar da jarirai 25 da aka haifa da lahanin cutar, adadin da ƙasar ta daɗe ba ta ga irinsa ba.

Saboda irin wannan tsoro ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ba da shawarar kada ƙasa ta shigar da allurar rubela sai tana iya kai rigakafin ƙyanda ga kashi 80 daga cikin ɗari na yaranta. Nijeriya ba ta kai nan ba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 54 ne kawai na yara suka sami allurar ƙyanda, kuma kashi 31 ne suka kammala dukan alluran farko. A shekarar 2024 kwamitin masana da ke ba Hukumar shawara kan rigakafi ya janye sharaɗin, bisa hujjar cewa jira ma yana da nasa asarar, domin kowace shekara ana ci gaba da haihuwar naƙasassu. Sai dai janyewar ta zo da sharuɗɗa: a fara da babban gangami mai ɗaukar yara har zuwa shekara 14, a ƙarfafa rigakafin yau da kullum, a kuma riƙa maimaita gangami a kai a kai. Gangamin 2025 shi ne sharaɗi na farko. Sauran biyun suna nan suna jira, kuma su ne masu wuya, domin babu biki a cikinsu, babu jawabin manyan baƙi, sai aikin ɗakin shan magani na ƙauye, mako bayan mako. Jaririn da aka haifa bayan gangamin bai amfana da shi ba sai an kai shi an yi masa tasa a wata na 9.

Inda gizo ke saƙa a Arewa

Akwai abubuwa uku da suka sa matsalar ta fi tsanani a wannan yanki. Na farko shi ne al'adar ɓoye ƙaramin ciki, musamman cikin fari, inda kunya kan hana yarinya faɗa wa ko da uwarta. Binciken 2018 ya nuna cewa a duk ƙasar ƙasa da kashi 20 daga cikin ɗari na mata ne ke fara zuwa awo a watanni ukun farko. Ke nan lokacin da haɗarin ya fi girma shi ne lokacin da ma'aikacin lafiya bai ma san da cikin ba. Wannan ya ƙara tabbatar da cewa kariyar dole ta riga cikin zuwa.

Na biyu shi ne rashin ganewa. Kurumtar jariri ba a cika lura da ita ba sai ya kai shekara biyu bai fara magana ba, kuma a lokacin babu mai tuna ɗan zazzaɓin da uwar ta yi kusan shekara uku da suka wuce. Sai a jingina abin ga iska, ko sammu, ko a ce gadon dangin uwa ne, har wani lokaci aure ya girgiza a kan laifin da ba na kowa ba. Cutar da ba a ganin ɓarnarta da sunanta kuwa, da wuya a shawo kan jama'a su guje ta.

Na uku shi ne zargi. Ba a manta da shekarar 2003 ba, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi saboda jita-jitar cewa yana hana haihuwa. Kafin a koma a shekarar 2004 cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, kuma sai a shekarar 2020 aka tabbatar da cewa Nijeriya ta fita daga ƙangin asalin ƙwayar shan inna. Abin da ya gyara lamarin shi ne shigowar sarakuna da malamai. Allurar da ake danganta ta da ciki da haihuwa tana da sauƙin faɗawa bakin masu jita-jita, alhali gaskiyar maganar ita ce aikinta shi ne kare ciki daga zubewa da kare ɗa daga naƙasa, kuma an shafe fiye da shekara 50 ana amfani da ita a duniya.

Waɗanda gangamin bai ɗauka ba

Gangamin ya tsaya a shekara 14. Matan da suka wuce haka, watau waɗanda ke ɗakunan mazajensu a yau da 'yan matan manyan makarantu, yawancinsu suna da kariya daga ciwon da suka yi suna yara, amma ba dukansu ba. Akwai gwajin jini da ke nuna ko mace tana da garkuwa. Wadda ba ta da ita ana iya yi mata allura kafin ciki, ko bayan ta haihu, ko da tana shayarwa. Ba a yi wa mai ciki, domin allurar tana ɗauke da ƙwayar da aka raunana, kuma ana ba da shawarar a jinkirta ɗaukar ciki har wata guda bayan an yi ta. Duk da haka, a cikin dubban matan da aka yi wa bisa kuskure ba su san suna da ciki ba, ba a ga alamar cewa allurar ta naƙasa 'ya'yansu ba. Ma'aikatan jinya, da ungozomomi, da malaman firamare mata su ne suka fi cancanta a fara dubawa, domin kullum suna cikin yara, ga shi kuma jaririn da aka haifa da cutar yana iya yaɗa ta har shekara guda ko fiye.

Ba rubela kaɗai ce ke ratsa mabiyiya ba. Ƙarambau yana iya yi wa ɗan tayi lahani, ko da yake ba kasafai ba. Akwai wata ƙwaya da likitoci ke kira CMV, wadda ke yawo a yawu da fitsarin ƙananan yara, tana cikin manyan masu jawo kurumtar jarirai, kuma wanke hannu da sabulu yana rage ta. Akwai kuma Zika, wadda sauro ke yaɗawa, wadda ta jawo haihuwar dubban jarirai masu ƙananan kawuna a Brazil daga shekarar 2015, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci a watan Fabrairu na 2016. Bambancin shi ne rubela tana da rigakafi mai araha, mai ƙarfi, wanda ya riga ya kore ta daga nahiyoyi biyu.

Abin da ya rage

Nauyin yanzu yana kan jihohi da ƙananan hukumomi, domin su ne ke riƙe da asibitocin matakin farko. Wajibi ne a tabbatar da cewa allurar tana nan a kowane ɗakin shan magani a ranar da aka sa, firiji yana aiki, ma'aikaci kuma yana bakin aikinsa an biya shi haƙƙinsa. Wajibi ne asibitocin koyarwa su riƙa ƙidayar jariran da ake haifa da yana a ido ko ciwon zuciya, a gwada jininsu, domin da wannan ƙidaya ne kaɗai za a san ko lahanin yana raguwa ko yana ƙaruwa. Ya kamata Ma'aikatun Ilmi su sa duba katin rigakafi cikin tsarin ɗaukar yara, ba domin a kori kowa ba, sai domin a gano wanda aka tsallake a yi masa. Haka kuma yaran makarantun allo, da na rugage, da na sansanonin gudun hijira suna bukatar a bi su inda suke, tun da cutar ba ta tambayar yaro wace makaranta yake zuwa.

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. A kan rubela maganar ta wuce karin magana, domin maganin ma babu shi. Ƙasar nan ta riga ta sa ƙafa a kan hanyar da tsayawa a tsakiyarta ya fi rashin shigarta haɗari. 'Yan matan da ake haifa a wannan shekara za su fara shiga ɗakin haihuwa nan da shekara 15 zuwa 20, kuma a lokacin ne za a ga sakamakon abin da aka yi, ko aka bari, a ɗakunan shan magani na yau.